Hagun Baba Na'Allah

Agye, ranar Lahadi

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar iyali da kasuwar hatsi. Da fatan damina ta sauka lafiya a Gidan Rumji.

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun Garzali direba. Ita ba ta da maɓallin kashewa.

Labari ya iske ni har cikin aji cewa ka kira Jaye mai magani daga Gidan Sori, wai Baba yana da iska a hannun hagu. Wai hannun yana tsalle a kan tabarma, ya faɗa can, ya dawo nan, ko a gaban baƙi. Yaya, kai ma a gindin wannan hannun ka girma. Kiɗa yake yi! Ka manta yadda yake zaunar da mu gaban piyano, ya ce hagu ita ce mai lugude, ta daka ƙasa, ta yi tsalle ta daka tsakiya, dama kuma ta yi ta zuba surutunta a sama? Irin kiɗan jaz ɗin tsoffin baƙaƙen Amurka ke nan. A faifai ya koye shi yana sojan badujala a Yamai, ba malami, sai kunne. Da shi ya cika otal-otal na Abijan, da shi ya je Faransa, inda aka buga a jarida cewa kamar mutum biyu ne ke kiɗan. Jaridar ce kaɗai ta ga mutum biyu. Kai ne na farko da ya ce ɗayan aljani ne.

Ka kulle masa piyano a sito, ka jibga buhunan wake a kai, don kada abokan sahunka na masallaci su tuna inda uban Alhaji ya yi aiki. To ina kake so hannun ya je? Tabarma ta rage masa.

Abin da ke damuna daban ne. Da na zo da salla na ga kwalin maganinsa na hawan jini ba a ko ɓare ba, kuma yana yawan dafe ƙeya. Ka kai shi a auna shi. Jarrabawar ɗalibaina ta riƙe ni a lakol, ana gamawa ina nan tafe.

Ka gaishe da Baba.

Ƙanwarka,
Lantana

Gidan Rumji, ranar Laraba

Malama Lantana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya samu, gero ya fara kai gwiwa.

Na karanta takardarki, kuma na yafe miki kalamanki. Ke kina da littattafai, ni nake da tsohon a gida. Ni nake jin kunya idan liman ya miƙo masa hannu, shi kuwa hagunsa tana rawa a cinya.

Ki kwantar da hankalinki, an samu sauƙi. Jaye ya yi hayaƙi, ya ce a ɗaure hannun da rawani a jikin ƙugu, a dakatar da ƙwayoyin Nasara kada su yi karo da magani. Baba ya yi dariya, ya ce haka malamin lakol ya yi masa a Gazawa yana yaro bahago, kuma bai ci nasara ba. To mu mun ci. Yau da safe muka kwance, hannun ya kwanta lumui, ko yatsa bai motsa ba. Na ba shi koko ya karɓa da dama, abin da ban taɓa gani ba sai an tuna masa. Bakinsa ya ɗan karkace gefe guda, maganarsa ta yi nauyi, amma Jaye ya ce ta nan abin ya fita, zai daidaita. Yana ta kallona kamar mai son faɗin wani abu. Ina jin godiya ce.

Mun yi sadakar fura. Ki taya mu hamdala.

Yayanki,
Alhaji Usmanu

Agye, Laraba da la'asar

Usmanu,

Sallama a taƙaice, Garzali yana jira da mota a kunne.

A tsaye na karanta takardarka. Ka jero mini alamun shanyewar ɓarin jiki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanto su daga allon asibiti, sannan ka ce in yi hamdala. Hannun bai kwanta ba, Usmanu, faɗuwa ya yi. Mutumin da ko sanda ba ta sa ya karɓi abu da dama ba, yau ya karɓa, kai kuma ka dama fura.

Kallon da yake yi maka ba godiya ba ce. Harshensa ne ya ƙi ɗaguwa.

Wannan ciwo ba ya jiran a gama shawara. Tun safe yake cin abin da zai ci, kuma abin da ya cinye ba ya amayarwa. Ka sa shi a motar Garzali yanzu, kada ka tsaya wanka, kada ka ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Idan Jaye ya ce a bari sai gobe, ka tambaye shi wane hannu zai ba Baba a madadin wannan.

Na bar takardun jarrabawa a kan tebur, darakta ya yi abin da zai yi. Zan biyo Garzali in sauka a Maradi in tsaya a ƙofar asibiti. Duk motar da ta shigo zan leƙa. Idan magariba ta yi ban gan ku ba, zan ƙaraso Gidan Rumji, kuma a gaban abokan sahun naka za mu yi maganar.

Allah Ya sa takardar nan ta riga abin da nake tsoro.

Lantana

Gidan Rumji, ranar Juma'a, bayan sati biyu

Lantana,

Assalamu alaikum. Ya kika koma? Tun da aka sallame mu daga asibiti kika juya Agye ba ki ce mini uffan ba, shi ya sa na rubuto.

Yana shan maganin a hannuna. Maganar tana dawowa kaɗan-kaɗan. Hagun tana nan yadda likita ya ce, ba ta motsi.

Na sauke waken, mun fito da piyano zaure. Gara ta taɓa ƙafarsa ɗaya, amma yana kuka. Jiya Baba ya sa aka zaunar da shi a gaban piyanon. Damarsa ta fara kiɗa, ta ɗan yi gudu, sai ta tsaya cak tana jira. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri guda. Ya daɗe yana kallon hannun da ke cinyarsa, sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, ara mini hagunka."

Na zauna kusa da shi. Liman yana bakin ƙofa, ban tashi ba. Na ɗora hannun, amma ban san inda ake dakawa ba. Ke ce kike kallo lokacin da yake nuna mana.

Ya ƙi yarda a rufe piyanon. Ki zo.

Yayanki,
Usmanu