Na Ƙona Turmin Baba

Yaya Isuhu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina gajiyar aiki? Ina Rabi da yara? Mu nan Urafane lafiya lau, ruwan sama ne dai shiru.

Ka tuna malamin makarantar boko na Tasawa da ya ɓanɓari guntun tsohon turminmu ya aika waje a auna? Jiya ya kawo amsa. Wai itace na shan wani abu, karbon, muddin yana raye. In an sare shi abin sai ya riƙa raguwa, da ragowar ake lissafa shekarunsa. Ya ce, "Marigayi ya yi gaskiya, turmin nan ya girmi zuwan Turawa nesa. Ina yake?"

Na kasa kallonsa. Yaya, na faskara shi bayan rasuwar Baba, na dafa wa yara jar dawar da soja suka raba. Da na nemi itace da na samu. Ban dai taɓa yarda da maganar Baba ba, dariya nake masa.

Ka yafe mini, ka sa mu cikin addu'a. Ka gaida Kawu.

Ƙanwarka,
Hadiza