Mai Gadin da Ya Bari a Kwamfutata

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Kwamfutar nan so take ta haukata ni. Jiya da la'asar ta ce za ta sabunta kanta, na ƙyale ta, ta lashe min rabin data. Yau na taso daga koyarwa na buɗe burauza, ko shafi ɗaya bai fito ba, sai wani ɗan zobe da ke ta juyawa. Ga jarrabawata ta farko ranar Juma'a ƙarfe goma. Makarantar da nake karatu daga gida ta ce sai a kwamfuta mai kyamara, ban da waya. Wanda ya rasa, sai baɗi.

Shekara shida ina jiran karatun nan.

Talata, 9 ga Yuli

Na kashe na kunna har na daina ƙirgawa. Na goge tarihin burauzar. Na ɗauke ta zuwa bayan firamare inda sabis ya fi ƙarfi, na tsuguna kamar mai tallan gyaɗa. Waya tana buɗe komai, ita kuwa ko gezau.

Inna ta ce, "Ki kira Mudassir mana, ba shi ya saya miki ba?" Shi ya saya. Shi ne kuma ya aiko min da takardar saki ta hannun ɗan acaɓa. Gara in jefa ta rijiya.

Laraba, 10 ga Yuli

An kwana ana ruwa. Na naɗe ta a leda biyu na hau babur daga Toranke zuwa Gaya, taɓo har gwiwa. Malam Badaru mai gyara, dattijon nan na kusa da tasha, ya yi ta dube-dube, can ya cire tabarau ya ce, "Malama Adawiyya, wa ya sa miki mai gadi?"

Ban gane ba. Ya ce wata manhaja ce da ake sa wa yara, duk shafin da za a buɗe sai ya bi ta hannunta. Tsohuwa ce, ba ta jitu da sabuntawar ba, shi ne ta rikice ta tare kowa da kowa. Ya nuna min jerin shafukan da tun asali aka hana ta buɗewa. Na zaci abin kunya zan gani. Makarantu ne. Uku. Duk waɗanda na taɓa neman shiga ina gidan Mudassir.

Ina tuna yadda yake tsayawa a kaina da kofin shayi, yana cewa, "Haƙuri za ki yi, shafukan makarantu haka suke, ki gwada gobe." Ni kuma in yi masa godiya. Har kuka na taɓa yi a kafaɗarsa ranar da aka rufe karɓar takardu. Wawiya! Makarantar da nake yi yanzu ta tsira ne kawai don bai san da ita ba.

Ban yi kuka a shagon ba. Sai a kan babur.

Alhamis, 11 ga Yuli

Hanya biyu ce, in ji Malam Badaru: ko a samo kalmar sirrin wanda ya sa ta, ko a wanke kwamfutar gaba ɗaya. Tasa ta shago ba ta da kyamara, da ya ara min.

Na kira Mudassir. A nan kaɗai zan faɗa, ko Inna ba za ta ji ba. Na gaishe shi da ladabi, Allah Ya yafe min. Bai musa ba, bai ma ji kunya ba. Dariya ya yi ya ce, "To me kike son buɗewa? Faɗa min in ga ko ya dace."

Shekara ɗaya da rabi da saki.

Na kashe wayar na koma Gaya. Malam Badaru ya kawo filasha ya ce in zaɓi abin da za a kwashe kafin a wanke. Takardun shaidata, darussan 'yan aji huɗu, hoton Baba. Ya nuna jakar hotunan biki ya ce, "Wannan fa? Akwai wuri." Na ce a bar ta a ciki. Ya sake tambaya. Na ce Malam, wanke.

Awa uku ina zaune a benci, yunwa kamar ta kashe ni. Da ya gama, shafin makarantar ya buɗe kafin in gyara zama.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na rubuta jarrabawar. Tambaya ta bakwai ta ba ni wuya.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ba abin rubutawa. Na yi wanki, na taya Inna cirar ciyawa a gonar bayan gida. Da yamma na buɗe shafukan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ba don ina neman komai ba. Duk sun buɗe. Ɗaya ma har yanzu tana karɓar ɗalibai, na tura wa Sadiya ƙanwata.

Kwamfutar ta nemi sabuwar kalmar sirri, na sa tawa. Sai yanzu da na ɗauki biro na lura yau ban ja masa Allah Ya isa ba ko sau ɗaya. Gajiya ce kawai.