Shafin da Na Yi wa Hular Kumatu

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka sa wa ɗana Kumatu hular gyaran kai. Fara ce fat, mai tauri, kamar hular kwanon 'yan babur da aka rage mata girma, da soso a ciki da maɗauri a gefe. Tun haihuwa yaron nan gefe ɗaya yake kwanciya, har ƙeyarsa ta dama ta shafe. Likita ya ce idan za a gyara to yanzu ne, tun ƙashin bai yi ƙwari ba.

Mai awon kai, wanda ya ƙera hular, ya ce awa ɗaya tak ake cire ta a yini: a yi wanka, a goge, a mayar. Na tambaye shi ko tana da illa. "Ɗan gumi ne da ɗan ja, Maman yaro, kada ki damu." Murmushinsa ya yi yawa. Ban cika yarda da mutumin da ke amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba.

Inna, mahaifiyar maigidana, ita ke riƙe min shi idan na tafi shagon ɗinki. Ta daɗe tana kallon jikanta, sannan ta ce, "Yanzu wannan tukunyar za a kife masa?" Maganar ta tsaya min a rai.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗan gumi wai! Idan na cire ta, gashinsa sharkaf, cikinta kuma wari kamar takalmin da aka yini da shi ba safa. Ƙuraje sun feso masa a goshi. Yana ta kai hannu zai sosa, sai ya ji roba, ya tsaya yana kallona. Kallon nan yana ci min rai.

Asabar, 8 ga Maris

Shekaruna nawa ina ɗinki, ban taɓa miƙa wa mutum riga mai ƙaiƙayi ba shafi ba, sai ɗana ne zai zauna cikin soso tsirara? Na samo ragowar yadin auduga mai laushi a shago, na yanka gida uku, na haɗa, na ɗinke shi jikin soson da allurar hannu. Ya zauna ɗas. Mai awon kai bai ce a yi ba, amma shi me ya sani a kan yadi?

Na nuna wa Inna. Ta shafa cikin da yatsa, ta ce, "Hannunki da kyau." Ta miƙo min ita.

Talata, 11 ga Maris

Wani abu ba daidai ba. Na dawo da yamma, na cire masa hular don wanka, gashinsa a bushe. Na shinshina cikinta, ba wari. Yaron da ya yini da abu a ka cikin zafin nan?

Inna tana ninke kaya tana cewa, "Yau kam ya sha barci, ko motsi." Ai dole.

Laraba, 12 ga Maris

Na faɗa wa maigidan ina zargin Inna tana cire wa yaron hular idan na fita. Ya ce, "Haba, Inna ce fa." Kamar na ce masa ba ita ba ce. Idan ana maganar uwarsa, kunnuwansa hutu suke tafiya.

Akwai wani ja a bayan kunnen Kumatu na dama. Wannan cire-mayar ɗin da ake yi a bayan idona ne yake goge masa fata, ba ni da shakka.

Juma'a, 14 ga Maris

Kafin in fita na ɗaura baƙin zare siriri a kan maɗaurin, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Duk wanda ya buɗe sai ya tsinke. Yini na yi a kan keken ɗinki ƙafata na takawa, hankalina na gida, har na ɗinka hannun rigar wata a baibai.

Na dawo na tarar da zare a ɗaure tsaf. Fari.

Ko dai idonta ne ya fara gazawa, ko kuwa saƙo take aiko min. Ni dai na san idon Inna yana zura allura ba tabarau.

Lahadi, 16 ga Maris

Yau ina gida, hula ta yini a kansa yadda aka ce. Kuka tun safe, nono ma da ƙyar. Da na cire, jan nan ya yi duhu, kuma har awar ta cika bai baje ba. Wataƙila wani mai Inna take shafa masa. Na duba ɗakinta da sunan neman almakashi, ban ga komai ba, sai kunyar da na kwaso wa kaina.

Da ina mayar masa ta matso. "'Yar nan, da kin ɗan duba cikin…" Na ce, "Inna, masu ilimin abin sun riga sun duba." Ta juya ta tafi. Na san dai so take a yar da hular gaba ɗaya.

Litinin, 17 ga Maris

Na bar shago da tsakar rana ba sanarwa. Ga shi nan kwance rub da ciki a tsakar ɗaki, kai a buɗe, yana ƙyalƙyala dariya. Hula tana kan firiji a kife. Inna na zaune tana yi masa fifita a bayan kunne da murfin kwali.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, idan kan nan ya ƙafe a haka, ya girma yara suna yi masa dariya, ni zai tambaya ko ke?" Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba.

Ba ta ɗaga murya ba. "Duba bayan kunnensa tukuna."

Fatar ta saɓule, tana tsatso ruwa. Na ce ai ga abin da cire-mayar ya jawo. Na ɗauko hular na mayar masa a gabanta. Ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Ban iya kaiwa ko'ina ba na cire, na ce wanka zan yi masa. Da rana tsaka.

Gobe sai wurin mai awon kai. Zan faɗa masa komai.

Talata, 18 ga Maris

Inna ta ce za ta raka ni. Na ce a raina, gara ma, ta ji da kunnenta.

Yau babu murmushi a fuskar mai awon kai. Ya duba ciwon, ya juya hular, ya bi cikin da babban yatsa har ya tsaya a inda na haɗa yadin. Ya kawo haɗin saitin kunnen Kumatu. Daidai wurin, tsawo da faɗi, kamar da alli aka zana.

"Wa ya sa wannan?"

Inna ta gyara zaman jakar da ke cinyarta ta ce, "Mu ne, a gida."

Ya ce hular an yi ta ne daidai kan yaron, ba ta da wurin ko ƙyalle, duk abin da aka ƙara matsi ne, haɗin ɗinkin kuma shi ya yi ta cin fatar da gumi ya jiƙa. Ya sa reza ya farke min aikina a gabana. Ita ma Inna bai ƙyale ta ba, ya ce cirewar da take yi ta ci wa yaron lokaci, ranar da ta ga ciwon ya kamata a kawo shi. Ta ce, "Gaskiya ne, ɗana."

An wanke, an ba mu magani. Ba hula sai ya warke, kuma watannin sawa za su ƙaru.

A mota abin ya faɗo min a rai. Tun ranar da ta shafa cikin nan da yatsa ta sani ke nan.

Alhamis, 20 ga Maris

Maigidan ya tambayi abin da aka ce. Kafin in haɗa magana Inna ta ce, "Hular ce ta matse shi, an gyara." Ta ci gaba da wasa da jikanta.

Ajiyewa take yi, na sani. Sai ranar da muka saɓa ta zaro min shi a gaban mutane.

Lahadi, 23 ga Maris

Ƙanwar maigidan ta zo, sun yini suna hira da Inna. Har yanzu Inna ba ta faɗa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ciwon ya kame, sabuwar fata ta fito. Mai awon kai ya ɗan kankare soson wurin, ya ce a mayar daga yau, a riƙa dubawa akai-akai, jan da bai baje ba a kawo shi nan take.

Da safe na ɗora masa ita, na kama maɗaurin, na kasa ja. Ya ɗago ya kalle ni, ni kuwa sai ganin bayan kunnen nan nake yi. Na ja kaɗan, na ga kamar ya yi sako-sako. Na ƙara, na ga kamar ya matse. Lokacin shago yana ta tafiya.

Inna tana bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na ce, "Inna, zo ki ɗaura masa, ni na makara." Ta zo ta ɗaura, ta zura ɗan yatsa ta gefe ta gwada. Na ce idan ta ga wani abu da rana ta kira ni, ko me nake yi. Ta ce, "Idan na kira za ki saurara?" Na ce zan saurara.

Ba wai na sakankance da ita ba ne. Makara ce kawai. A shago na ajiye wayar a kan keke, fuskarta sama, inda zan gani.