Ashe rage mini murya suke yi lokacin waƙa

Mama mai shawara, don girman Allah ki taimake ni da magana kafin Lahadi mai zuwa ta iso. Zuciyata ta riga ta yanke wani hukunci, ni kuma ban yarda da ita ba. Kada ki buga sunana.

Ni magidanci ne, Kirista, ina aiki a ƙasar da ba tawa ba, a ɗakin wankin wani babban otal, can ƙarƙashin gini inda babu taga. Zannuwan gado nake sakawa a bakin injin guga, su shiga a jiƙe a yamutse, su fito a miƙe da zafi, ni da abokin aikina mu kama gefe da gefe mu ninke. Tun safe tururi ke cika ɗakin, har sai ka ga kamar cikin gajimare kake tsaye. A cikin tururin nan nake ganin gida. Farin zani zai taso daga injin, sai in ga labulen ɗakinmu iska tana ɗaga shi, in ga matata zaune tana tsefe wa 'yarmu kai. Sai abokin aikina ya fizgi zanin, ya ce in dawo duniya, baƙi na jiran gado.

Na baro gida Auta yana goye. Yanzu shi ake aika kanti. Ba wanda ya kore ni, da ƙafata na fito don yara su yi karatu, kuma sun yi. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka na zo kai ƙarar mugaye.

A gidanmu, Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, da yamma, akan jera kyandir huɗu a faranti a tsakiyar tebur. Na farko bege, na biyu salama, na uku farin ciki, na huɗu ƙauna. Kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya, a rera waƙar yabo, sannan maigida ya rufe da addu'a yana kiran sunan kowa. Da na tafi, matata ta ce ba za a fasa ba. Sai su jingina waya da gwangwanin sukari daidai kujerata, su kira ni ta bidiyo. Ƙanena, da ke zaune kusa da su, shi ke kunna kyandir a madadina. Waƙa tare muke yi, addu'a kuwa tawa ce.

A masaukin ma'aikata an hana kunna wuta a ɗaki, ga kuma direban da muke kwana ɗaki ɗaya, mai barcin yamma da munsharin da ke girgiza gado. Don haka rufin bene nake hawa, in zauna tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, in sa guntun kyandir cikin kofin gilashi saboda iska. Tantabaru sun saba da ni. Rana tana sauka bayan dogayen gine-gine, rigunan mutane suna kaɗawa a igiya kamar jama'a sun taru sujada, ga fuskokin iyalina a tafin hannuna. A wannan ɗan lokacin, Mama, ba na jin ni baƙo ne a ko'ina. Duk shekara abin da nake jira ke nan. Nakan buɗe murya har mutanen benen da ke kallon namu su leƙo.

Bana ma Lahadin bege ta zo mini da daɗi. Mai kula da mu ya ce kafin Kirsimeti in faɗa masa ko zan sabunta kwantiragi ko gida zan koma, ni kuma na riga na ƙudura komawa. Ban gaya wa kowa ba. Na ajiye maganar sai ranar kyandir na huɗu, in saka ta cikin addu'a, in ga yadda matata za ta ɗago kai. A cikin tururi na sha ganin wannan ɗago kan.

Ranar kyandir na uku muka gama waƙa, na rufe ido na fara addu'a. Na kira sunan matata, na kira na 'yata, ina cikin roƙa mata sa'a a jarrabawa, ban ma iso kan Auta ba, sai na ji gidan gaba ɗaya ya ce Amin. Na buɗe ido. Ƙanena na gani yana sauke hannu, kowa yana ɗago kai. Addu'arsa suka amsa, ba tawa ba. Na yi magana, ba wanda ya waiwayo. Na ɗaga murya har tantabaru suka tashi. Sai can 'yata ta dubi wayar, ta zaro ido, ta miƙo yatsa ta taɓa gefenta, sannan suka ji ni. Suka ce sun ɗauka layi ne ya yanke. Na ce haka ne, layi ne.

A tsakiyar mako na kira 'yata ita kaɗai, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci, na ce ta gaya mini gaskiya. Da fari dariya ta yi, da ta ga fuskata sai ta daina. Ta ce muryata a makare take isa wurinsu. Suna baiti na gaba ina na baya, kamar mai bin mota da gudu, har Auta yakan toshe baki da dariya, waƙar ta wargaje. Shi ya sa da an fara waƙa sai ta rage muryar wayar gaba ɗaya, in an gama ta mayar don addu'a. Rannan mantawa ta yi. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun shekarar farko, kuma uwarta ce ta hana a gaya mini, wai kada raina ya ɓaci.

Shekara da shekaru ke nan, Mama, ina rera wa tantabaru waƙa.

Zan yi musu adalci. Muryata ko a gida ba abin yabo ba ce, matata takan ce in na ja waƙa kamar ana jan tebur a siminti. Kuma su ke jira sai na tashi aiki, ko da abinci zai huce. Ƙanena bai ƙwace mini komai ba, shiru ya ji ya cike gurbi, kamar yadda yake cikewa in famfo ya lalace ko yaro ya yi zazzaɓi. Duk na san wannan. Amma sani daban, abin da ke ƙirji daban. Abin da na gani shi ne gida cikakke, da waƙarsa, da mai addu'arsa, da Amin ɗinsa, ni kuma hoto ne a jikin gwangwanin sukari, bakina yana motsi. In na koma ma ina zan zauna? Wanda aka saba da shirunsa, in ya dawo da muryarsa ba takura zai zama ba?

Tun ranar tururin ɗakin wanki ya daina nuna mini labule. Tururi ne kawai, mai jiƙa riga. A coci fasto yana ta maganar bege da salama da farin ciki, ni kuwa ji nake kamar sunayen garuruwa ne da mota ta wuce da ni ina barci. Na san Mai Ceto ya zo duniya don irina. Ban daina gaskatawa ba, gajiya na yi.

Ga hukuncin da zuciyata ta yanke: ranar kyandir na huɗu ba zan hau bene ba, in ce aiki ya riƙe ni, washegari kuma in sa hannu a kwantiragi. Su ci gaba da waƙarsu mai daɗi, ni in ci gaba da turo abin da suka fi buƙata daga gare ni. Amma kyandir ɗin ƙauna ne, Mama. Ta yaya mutum zai yi yaji ranar kyandir ɗin ƙauna? In na kira kuma, da wace fuska zan buɗe baki?

Mai guga a ƙasar wasu

Ɗan'uwana Mai Guga,

Sannu da aiki, sannu da kewa. Ciwonka na gaske ne, ba zan ce maka ƙaramin abu ba ne. An ɓoye maka abin da ya kamata ka sani tun shekarar farko, kuma matarka ta yi kuskure a nan. Ta ji tsoron ɓacin ranka na yini ɗaya, sai ta tara maka na shekaru. Kana da haƙƙin gaya mata haka, cikin natsuwa.

Amma dubi ɗaya gefen. Gidan da ya gama da mutum ba ya jingina masa waya a kujerarsa duk shekara, ba ya barin abinci ya huce don jiransa. Cewa kawai za su yi layi ba kyau, su huta. Lura kuma da abin da suke ragewa da abin da suke mayarwa. Waƙa suka rage, addu'arka kuwa kullum sai sun mayar da murya sun saurara. Sau ɗaya aka manta, a ranar ka gano. Fuskarka suke kallo kana waƙa, kuma ban yi tsammanin abin dariya kaɗai suke gani a cikinta ba.

Kai ma kana da naka. An ce maka layi ne, ka ce haka ne layi ne. Ka kuma riƙe labarin komawarka gida kana jiran ranar ba da mamaki. Kowa a gidanku yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu don ƙauna, har ƙaunar ta rasa hanyar wucewa.

Yanzu ga abin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka jira Lahadi. Kira matarka tun yau, ita kaɗai, ka ce ka sani, ka ce ya yi maka zafi, sannan ka yi shiru ka saurare ta. Kada ka hukunta 'yarka, gaskiya ta faɗa maka da ka nema. Ƙanenka kuma godiya ya cancanta.

Batun waƙa yana da magani. Da na karanta wasiƙarka sai na tura yayata ɗaki na zauna a tsakar gida muka gwada da waya, har maƙwabta suka ɗauka mun zautu. In su suka fara waƙa kai kana bi, dole ka makara, domin sai muryarsu ta zo maka, taka kuma ta koma. Amma in kai ka ja waƙar, su kuma suka bi abin da ke fitowa daga wayar, a ɗakinsu murya ɗaya za a ji. Duk shekarun nan bin su kake yi, alhali ja ya kamata ka yi. Sai dai akwai abin da za ka jure: a kunnenka su ne za su riƙa makara. Kada ka tsaya jiransu, kada ka gyara, ka ci gaba a kan takunka, ka yarda cewa a can waƙar daidai take ko da kai ba ka ji daɗinta ba. In ka tambaye ni ma'anar kyandir na huɗu, ban san wadda ta fi wannan ba. Wanda muke jiran haihuwarsa ma bai tsaya sai mun daidaita murya ba, shi ya fara, muka biyo a makare, bai kuma fasa ba.

Kwantiragi kuwa, kada ka sa hannu da fushi, kada kuma ka ƙi sawa don kewa kawai. Magana ce ta kai da matarka, ku duba karatun yara, ku duba lafiyarka da ƙarfinka. Amma tambayar da ka yi, wai ina za ka zauna in ka koma, amsarta tana cikin wasiƙarka: a kujerar da gwangwanin sukari yake tsare maka. Za a ɗan yi karo da farko, kowane mai dawowa yana yi, ana kuma sabawa.

Ranar Lahadi ka hau bene da kofinka da kyandir ɗinka. Ka gaya wa 'yarka ta ɗaga muryar wayar har ƙarshe ta janye hannunta. In Auta ya yi dariya, bar shi, ai kyandir ɗin farin ciki ma yana ci a faranti. Ka ja musu teburin nan a siminti, tun daga baitin farko har na ƙarshe, sannan ka ɗora addu'arka daga inda aka yanke ta, a kan sunan Auta.

Allah ya ba ka salama, ya kai muryarka gida, ya kuma kai ƙafarka a lokacin da ya dace. Barka da Kirsimeti, kai da iyalinka, har da tantabarun da suka daɗe suna haƙuri da kai.