Baiti na Bakwai

Uwar yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, gwiwar nan taki kuma ta yi sauƙi. Mai gadin masaukinmu ne ke rubuta mini, ɗan wajenmu ne. Ban yarda 'yan ƙungiya su riƙe mini alƙalami ba.

Mun yi waƙa a manyan ɗakuna uku. Mutanen ƙasar nan ko kalmar Hausa ɗaya ba sa ji, amma da na ja waƙar masu haƙa rijiya, wadda mahaifina ya bar mini, wata tsohuwa ta yi ta share hawaye.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Kullum bayan karin kumallo Shugaba takan zaunar da ni, ta kara mini waya a baki, wai in rera waƙar baiti-baiti don ajiya. Ajiyar me, ina raye? Dogo mai amshi ya bar mini kujerar gaba a mota, yana ɗaura mini mayafi a wuya saboda sanyi. Wannan ladabi ya yi yawa. Na gan shi a baya da abu a kunne yana motsa baki. In sun kwashe abin da ke kaina, sai a ce Baba ya je ya huta. Shi ya sa a baiti na bakwai na ƙaga musu wani, na riƙe na gaskiyar.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Mai Dogon Numfashi

Uwar yara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, kada ki yi mamakin rubutun, na Shugaba ne.

Shekaranjiya, ɗaki cike, na kai ƙarshen baiti na shida sai kaina ya zama fayau. Na buɗe baki, babu komai. Kafin kowa ya lura Dogo ya ɗauka, sauran suka bi, kamar haka aka shirya. Aka tashi tsaye ana tafi. Abin da suka rera ƙaryata ce.

A mota na faɗa musu. Ba wanda ya yi dariya. Shugaba ta ce tun kafin mu taso suke ganin ina tsayawa a tsakiyar waƙa, shi ya sa suka haddace, don kada in ji kunya a gaban baƙi.

Kwana biyu ke nan ina neman na gaskiyar. Duk sanda na ɗauko, na ƙaryar ke fitowa.

Shekara arba'in kina ji ina rera shi ina gyaran gemu, har kina cewa ya ishe ki. Don Allah ki kira wayar Shugaba ki rera mata. Na ce ta ajiye shi a wayar.

Dogo kuwa har yanzu ina sa masa ido.

Mijinki,
Mai Dogon Numfashi