Ƙafafun Bindigar Baba

Assalamu alaikum Baba. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Ni lafiya lau a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, sai dai rashin igama, wato takardar izinin zama, yana rage mini fita.

An ce hannunka na rawa, har kana shirin sayar da babbar bindigarka. Kada ka sayar, na samo mata ƙafafun ƙarfe a shagon kayan farauta. Na je da bututu mai nauyinta, na kwanta rub-da-ciki ina gwadawa, mai shago yana ta dariya. Dogayen sai karkarwa suke, gajerun masu kauri kuwa ko gezau. Su na ɗauka.

Alhaji Abdulbaƙi da zai dawo gida zai kawo maka su. Nauyi na ƙafafun ne, ido naka. Gadunan da ke tone mana rogo kwanansu ya ƙare.

A sa mini albarka.

Ɗanka, Mahadi