Kuben Wuƙar Jonah

Rakiya,

Kuben ya haɗu, alhamdulillahi! Ƙusoshin tagulla biyu na farko sun lanƙwashe, don na cika musu duka. Da na sassauta hannu ina bugun kan tagullar a hankali, sai ya baje ya kama fatar. Shida sun zauna daram. Na zura wuƙa na zare ya fi sau ashirin, ba ta taɓa ɗinkin ba. Ni kaɗai nake ta dariya.

Na leƙa Kuje, sai la'asar. Abokina Jonah zai zo daga Paikon Kore da azahar. Kuben yana kan firij, ki ba shi, ki ce wuƙa ta gama yankar masa cinya a hanyar gona.

Zai laluba aljihu. Kada ki karɓa, fatar ragon layyarmu ce, ba a sayar da ita.

Doyar da zai kawo ce ta dame ni, don ba ya zuwa hannu rabbana. Kyauta ce ko biya? Tun safe nake juya abin. Ki karɓa, ki ɗora a wuta, ki tsare shi har in dawo. Abin da muka ci tare dai ba ciniki ba ne.

Nuraddeen